Bidiyon da ya riga ni isa Fakku

A wurinmu ba a jefa wa uwa labarin mutuwa. In ɗa ya rasu a nesa, dattijo ake tashi, ko ɗan'uwa na jini, ya je ya zauna, a gaisa, a tambayi gona da shanu, sannan ya ce jikin wane ya yi tsanani. Uwa ta san abin da ake nufi, amma an ba ta lokacin da za ta nemi bango ta jingina. Haka na taso na gani, haka kuma na yi niyyar yi wa yayata ranar da ɗanta na fari ya rasu.

Ni ina koyarwa a Tambuwal, ita tana aure a Fakku. Ɗan nata magidanci ne mai 'ya'ya biyu, yana sayen gero a ƙauyuka ya kawo kasuwa. Ran nan da hantsi motar kaya ta banke shi a kan babur, dab da shiga Tambuwal. Kafin in isa asibiti rai ya yi halinsa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina salati wayata ta yi ƙara. Na duba guruf ɗin 'yan garinmu, sai ga shi kwance a gefen titi, riga a yage, fuska duk jini. Bidiyo ne. Ƙafafun mutane sun kewaye shi, amma wallahi hannu ɗaya ban ga ya miƙo ba. Wani ƙato har cewa yake a matsa, an tare masa haske. Tir da wannan hali!

Na kira mai kula da guruf ɗin, mutum da furfurarsa, ba yaro ba.

"Don a yi mai addu'a anka sa, Malam," in ji shi.

Na ce, "Addu'a sai da hoton jini? Da can da mi munka yi wa matattanmu addu'a?"

Ya goge, amma zarar bunu ce, abin ya riga ya bazu. Daga baya wani abokina lauya ya ce mini ba a rasa dokar da za a kama mutum da ita. Na ce masa, wa za a kama? Wanda ya ɗauka, ko limamai da malaman makaranta da suka tura gaba suna rubuta "Allah ya jiƙan musulmi"? Kowa gani yake don lada ya tura. Wannan shi ya fi ba ni ƙyama.

Na bar 'yan'uwa su biyo ni da gawa a mota, ni na hau babur na yi gaba. Abu ɗaya nake so: in riga bidiyon nan isa wurin yayata. Damina ce, hanyar Kebbe duk caɓi, sau biyu ina sauka ina tura babur. Ina tafe ina lallashin kaina cewa Fakku ba sabis sai an hau tudu, ita kuma ko wayar ba ta da ita. Wautata ke nan. Na manta ranar kasuwar Kebbe ce, kuma duk wanda ya dawo gida da wayarsa a aljihu ya dawo.

Na isa bayan la'asar. Ba kuka, ba taro. Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Na ce a raina alhamdulillahi, na riga bidiyon. Ta kawo mini ruwa, na sha. Na tambayi maigida, ta ce yana gona. Na tambayi shanu, na tambayi ruwan bana, duk ta amsa. Sannan na gyara murya na ce, "Yaya, yaron ga ya samu hatsari, jikin kuma ya yi tsanani."

Ba ta katse ni ba. Sai da na gama kwana-kwanata tas ta ce, "Na gani."

Ashe mijin maƙwabciyarta ne ya dawo da bidiyon daga Kebbe. Matar ta karɓi wayar ta shigo da saurinta, wai Yaya ta zo ta ga abin tausayi, ba ta ma san ɗan wa take nunawa ba. Jini ya rufe fuskar, amma akwai tabon fartanya a ƙafarsa ta hagu tun yana ƙarami. Da shi ta gane. Ta ce a sake kunna mata, aka sake, sannan ta miƙa wayar ta ce Allah shi jiƙanai. Ba ta gaya wa matar komai ba.

Ɗan fari ne, tunda ta haife shi ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma ko a ranar nan, kunya ba ta bar ta ta yi hawaye a gabana ba. Ni ne na kasa, na sunkuyar da kai. Takaici ya cika ni har wuya, da a lokacin na ga mai ɗaukar bidiyon nan da sai an raba mu.

Can ta ce, "Malam, kai da kas san kan wayar ga, in tambaye ka. Na ga bakinai na motsi. Duk cikin ƙafafun ga, ba wanda yad duƙa yal laƙanta mai kalma?"

Ni ma na kalli bidiyon har ƙarshe, na san amsar. Na ce mata an yi, bayan an kashe wayar ne.

Ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "To, Allah shi sa." Ta ja faifanta ta ci gaba da tsintar wake.