Siririn Juwan a Ɓangaren Hagu

Shekarar da aka kawo gasar ƙwallon Afirka garinmu ce, lokacin da aka gyara titunan Garwa har jaki ma ke jin kunyar taka su. A wannan shekarar na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, ina da shekara arba'in da ɗoriya, kuma a cikinta aka turo mana jar motar nan gareji.

Motar ta ɗan wani attajiri ce, jikan fataken da suka zo daga Kano tun zamanin da. Saurayi ne mai son gudu. Shi da abokansa sun sa ranar tsere, wata Lahadi da safe, a wani fili kan hanyar Gidar, kuma a tserensu na baya sau biyu ana wuce shi. Ya ce a kwance injin, a sake haɗa shi yadda zai ci wuta. Maigidana, mai garejin, ya dafa ƙirji a gaban jama'a ya ce idan motar ba ta shiga tseren ba, a daina kiransa makaniki. Saura mako uku.

Maigidan nan nawa, shekara ashirin muna tare. Kowa Baban Biyu yake ce masa, saboda tagwayensa maza. Ya riƙe al'adar nan da ƙarfi, cewa abin da aka yi wa ɗaya shi za a yi wa ɗayan. Takalmi ma lamba ɗaya yake saya musu, alhali ƙafar ɗaya ta fi girma. Shi wancan haka yake tafiya yana ɗingishi, uban kuwa yana cewa ai ya yi adalci.

Injin motar mai silinda shida ne, uku dama uku hagu, kowane ɓangare da murfinsa, wanda muke ce wa kulas. Tsakanin kulas da jikin injin akwai shimfiɗar da ke hana wuta da ruwa haɗuwa. Mutanen Najeriya gaskit suke ce mata, mu nan juwan muke cewa. Akwai siriri, akwai mai kauri. Siriri ya fi matse wuta, mota ta fi ƙarfi, shi ya sa mai motar ya nace a kansa.

Da muka wanke komai, na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a saman injin, na juya fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, har ya hau ƙarshe, na zura siraran ƙarafan awon tazara. A dama, fistin ya tsaya daidai baki. A hagu kuwa ya leƙo waje kaɗan. Na sake, na kuma sakewa. Ashe wani ya taɓa kankare saman ɓangaren hagu tun kafin motar ta zo hannun yaron, wataƙila ta taɓa yin zafi. Na rubuta lambobin a bayan littafina na aji, na kai wa maigida.

“Baban Biyu, ɓangarorin nan ba tsayinsu ɗaya ba. Hagu mai kauri yake so.”

Bai ko kalli littafin ba. Ya goga farcen babban yatsansa a dama, ya goga a hagu, ya rufe ido kamar mai ɗanɗana miya.

“Malam,” ya ce, don tun da na shiga aji haka yake kirana, “wata huɗu da riƙe fensir, har ka fara yi wa ƙarfe jarrabawa? Farcen nan ya girmi littafinka.”

“Farcen ya girme shi, amma littafin bai ci goro ya yi kaushi ba.”

Ya yi dariya, ya aike ni kasuwa. Mai sayar mana da kaya Kirista ne, mutumin duwatsun arewa, Hausarsa ta fi tawa gudu. Na gaya masa abin da na gani. Ya ba ni siriri ɗaya, mai kauri ɗaya, ya ce mai kaurin shi kaɗai ya rage masa.

Da maigida ya ga na shimfiɗa su a kan tebur, sai ya riƙe haɓa.

“Ciki ɗaya suka fito, ka ba wannan bargo ka ba wancan mayafi? A garejina? Mayar.”

“Maigida, inji ne fa.”

“Na ji. Mayar.”

Na mayar. Mai kayan ya karɓa yana girgiza kai, ya ce in gaida masa alƙali. Ban yi wani dogon musu ba, garejin nasa ne, kuma sau da yawa farcen nan ya yi gaskiya ni na yi kuskure. Muka ɗaura sirara biyu, muka ɗaure kusoshi bi da bi yadda ya kamata.

Injin ya tashi bugu ɗaya. A tsaye, muryarsa sumul. Maigida ya kafa kunne a jikin mota, ya kalle ni ya ce, “Malam, rubuta wannan ma.”

Ranar Alhamis kafin tseren muka fita gwaji wajen gari, mai motar yana tuƙi, maigida a gefensa, ni a baya. Da aka tafi a hankali, lafiya. Da yaron ya taka sosai, sai muka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga hagu, kamar ana buga cokali a gindin tukunya. Ƙarfe idan ya yi zafi yana gudu, miƙewa yake yi, fistin ɗin da ya leƙo ya fara sumbatar kulas. Kafin a ɗaga ƙafa, farin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu. Muka tsaya gefen gonar auduga.

Mai motar ya ce, “Baba, mene ne wannan?”

Maigida ya buɗe gaban mota, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Malam, littafin nan yana aljihunka?”

Da igiya aka ja mu zuwa gari. Na koma kasuwa neman mai kaurin, mai kayan ya ce wani direban Marwa ya saye shi tun shekaranjiya, sai an aiko daga Duwala. Kwana goma sha biyu ya yi a hanya. Ran Lahadi aka yi tsere, mai jar mota yana kallo daga kan babur ɗin abokinsa. Maigida bai fito gareji ba sai Laraba, kuma har watan ya ƙare masu shayin bakin titi Baban Juwan suke ce masa.

Abin da ya tafi a asara: juwan biyu, fistin uku, bawul huɗu na cikin kulas da fistin ya daka, kulas ɗaya na hagu, tseren Lahadi, da motocin gidan attajirin guda biyu da aka koma kai wa wani gareji.