Baba Ya Ce a Binne Shi

Baba ya rasu ranar Talata da asuba, cikin watan Agustan 2004, lokacin da dawa ta kai ƙugu. Tsohon soja ne, ya yi ritaya yana saje, ya dawo Zuru ya rungumi noma. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma a lokacin ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a cikin gari.

Mako biyu kafin ya cika, ya kira ni da Inna bakin gadonsa. Ya fara magana da yarenmu, C'lela, sannan ya maimaita da Hausa, kamar yadda ya saba in ba ya so wani ya ce bai ji ba.

"In na tafi, ku bizne ni a gona, kusa da uwata. Kar ku sa ni a firij kamar kifi. Kwana biyu ya isa."

Inna ta ce ya bar irin wannan zance. Ni kuwa na ce, "Na ji, Baba."

Da la'asar ranar rasuwar, ɗan wan Baba ya iso daga Kaduna. Manjo ne a soja, muna ce masa Yaya. Baba ne ya riƙe shi tun yana ƙarami, shi ya kai shi aikin soja, kuma ban taɓa shakkar ƙaunar da yake yi masa ba. Ya shigo ya yi kuka a kan gawar, ya fito ya share fuska, sai ya fara ba da umarni. Za a kai Baba mutuware ya yi mako uku. Za a ɗinka anko, a kafa rumfuna, a gayyato manya daga bariki, a sa shi a maƙabartar gari inda motoci za su iya shiga. Har tsarin taron ya rubuto a hanya, da Turanci. Ya miƙo mini takardar ya ce in gyara masa kafin a kai wurin bugawa, tunda ni ce malama.

Na karanta a tsaye a tsakar gida. Addu'a, waƙa, wa'azi, jawabin manyan baƙi, sai can ƙasa kalma ɗaya: "Interment". Babu sunan ƙauyenmu, inda gonar take, ko'ina a ciki.

Maza suna zaune gindin mangwaro a ƙofar gida, Baffa, ƙanin Baba, shi ne babba a cikinsu. Mata ba sa zuwa irin wannan zama. Na gyara ɗankwalina na fita, na durƙusa na gaida su, na ce ina da magana.

Baffa ya ce, "Koma ciki, 'yata. In mun gama za ku ji."

Na ce, "Baffa, ba maganata ba ce. Saƙon mamaci ne. Ya ce a binne shi a gona kusa da Kaka, cikin kwana biyu."

Yaya ya yi murmushin da ake yi wa yaro. "Binnewa? Ke da kika yi karatu? Kare ake binnewa, da mushen jaki. Mutumin da ya bauta wa ƙasa shekara talatin, 'interment' da na rubuta nan shi ake yi masa."

Da wata kalma ya kama, da wataƙila na rasa ta cewa. Amma wannan na san ta. Zangon da ya wuce na koyar da ita, har sai da na je laburaren makaranta na buɗe babban ƙamus na duba asalinta.

Na ce, "Yaya, wannan kalma da ka rubuta daga Latin ta fito, kuma ma'anarta ita ce a sa abu cikin ƙasa. Shi ke nan. Babu badujala a cikinta, babu rumfa. Ɗayar kuma, 'bury', wato binnewa, wadda ɗalibaina ke karantawa buri har na gaji da gyara musu, ita ce ta talakawan Turawa. Asalinta ɓoye abu ne, a killace shi kada wani abu ya same shi. Ka ga ƙaramar ma ta fi babbar tausayi. Baba ya iya Turancin bariki, ya san duka biyun. Da Hausa ya faɗa, ya ce a bizne shi."

Wani ya ce, "Kai, yarinyar nan." Shekarata talatin da huɗu a lokacin, da 'ya'ya biyu.

Yaya ya miƙe. Ya ce ba darasi ya zo ɗauka ba, mota za ta zo gobe da safe ta ɗauki gawa, wanda zai hana ya hana. Na ajiye masa takardarsa a kan tabarma ba tare da na gyara ko harafi ɗaya ba, na koma ciki.

Washegari tun kafin rana ta fito na jawo turmi, na kifa shi a ƙofar ɗakin Baba inda gawar take, na zauna a kai. Mijina ya zo ya raɗa mini cewa ina jawo masa magana. Na ce ya je ya tsaya cikin maza, in an tambaye shi ya ce ya hana ni na ƙi.

Wajen ƙarfe takwas mota ta tsaya a waje. Yaya ya shigo da mutum biyu. Ya ce, "Tashi."

Na ce, "Sai dai ka ɗauke ni tare da turmin."

Muna cikin haka Inna ta fito daga ɗakinta. A tsawon aurensu ban taɓa jin ta musa wa dangin Baba ba. Ta shimfiɗa zanenta a ƙasa kusa da ni ta zauna. Ta dubi Yaya ta yi masa magana da C'lela, a hankali. Ta ce, "Ni na goye ka a gidan nan. A gabana ya faɗa. In ka kai shi cikin ƙanƙara, ka nemi wata matar da za ta zauna maka a rumfa, ni ba za ni ba."

Baffa yana tsaye a bakin zaure, ya ji komai. Ya leƙa waje wurin motar. Sannan ya ce wa direban ya jira, amma ba mutuware za shi ba, ƙauye za shi.

Mun kama hanyar Bena da hantsi, muka ratse ta cikin laka zuwa gindin dutsenmu. Sau biyu motar ta kafe, maza suka sauka suka tura. Tsofaffin sojoji bakwai, abokan Baba, sun biyo mu a kan babura. Fasto ya yi addu'a da Hausa, mata suka yi waƙa da C'lela. Da aka zo sauke akwatin, tsofaffin nan suka jeru cikin dawa suka ƙame, suka sara masa. Yaya na cikin masu riƙe igiya, kakinsa duk taɓo. Bai dube ni ba ko sau ɗaya, kuma da yamma ya koma Kaduna ba sallama.

Shekara uku ba ya amsa gaisuwata. Dangi suka yi ta zuwa suna cewa in je in durƙusa in ba shi haƙuri, wai na kunyata babba a gaban mutane. Na ce in laifin rashin kunya ne, na ɗauka, amma ba zan ce na yi kuskure ba, don ban yi ba. Ban je ba.

Ranar Kirsimetin 2007 sai ga motarsa a ƙofar gidana. Ya sauko da 'yarsa ta biyu da akwatinta. Ya ce ta faɗi jarrabawar Turanci ta fita sakandare, yana so ta zauna wurina har ta sake rubutawa. Na ce ta shigo. Na kawo masa ruwa da shinkafa, ya ci, ya tambayi lafiyar yara da ta Inna, ya ce hanya ta lalace sosai bana, sannan ya tashi ya tafi. Yarinyar ta yi wata shida a gidana, ta ci jarrabawarta.