Muryar Ba Kyari a Tsohon Faifai

Cikin ranakun aikina a gidan rediyo, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da muka ɗauko wata tsohuwa daga Gomari don ta gyara mana gudun inji. A shekarun tamanin ne, ina ɗalibi a Maiduguri, ina aikin hutu a ɗakin ajiye faifai. Aikina shi ne in saurari tsofaffin faya-fayan zare, in goge su, in jera. Ba ni da yawan magana, aikin ya dace da ni.

Shugaban sashenmu, Oga Bitrus, mutumin Biu ne. Yana da faifan wasannin kiɗan nan na baƙaƙen Amurka da ake kira bulus, waɗanda aka ɗauka a gaban jama'a da tafi da ihu. Kullum yana cewa mu ma muna da irin wannan waƙa ta kewa, a bakin masu kukuma. Sai ya shirya wasa a wani zaure a GRA: Modu mai kukuma da ɗansa Bukar za su yi kiɗa a ɗauka kai tsaye, amma za a buɗe da muryar mahaifin Modu, marigayi Ba Kyari. Faifansa ɗaya ne tak a wurinmu, an ɗauke shi a wani biki a Dusuman a shekarun saba'in.

Modu ya zo ya saurara. Da farko yana gyaɗa kai. Can sai muryar ta fara sirancewa tana sauri, har ta koma kamar ta yarinya. Ya miƙe.

"Wannan ne babana? In kuka sa wannan a gaban mutane aka yi masa dariya, ni da ɗana ba za mu taɓa kukuma ba."

Oga ya yi masa bayani. Rikodar da aka je da ita Dusuman da batir take aiki. In batir ya yi sanyi, zaren yakan tafi a hankali, in aka dawo aka juya shi da cikakken gudu sai murya ta haye sama. Injinmu na da maɓallin rage gudu. Matsalar ita ce babu wanda ya san inda za a tsaya.

Oga ya sa ni a kan maɓallin, Modu yana ba da umarni. "Rage. Ƙara ragewa." Ina ta ragewa har muryar ta koma kamar kukan bijimi, shi kuma yana cewa an kusa. Ni na saurari faifan sau da yawa, na san akwai mace mai amshi a bayansa, ga ta ita ma ta koma namiji. Na daure na ce, "Oga, mai amshin nan tana raye kuwa?"

Modu ya ce, "Uwata ce."

Washegari aka kawo uwar tasa, Ya Falmata, a motar ofis. Ta ƙi kujera, aka shimfiɗa mata tabarma a gaban lasifika. Na kunna a inda Modu ya bari. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai tsawarsa ka sani. Ni waƙarsa na sani. Koma gefe."

Oga ya juya baya yana dariya. Ita kuwa ta ce mini, "Ɗana, kar ka dubi injin, hannuna za ka duba."

Haka muka yi. Da yake batirin a hankali ya mutu, gyaran ba na wuri ɗaya ba ne. In ta ɗaga tafin hannu in ƙara gudu, in ta sauke in rage, wani injin yana kwafewa a sabon zare. Mun yi ta komawa baya. Ta ce ina da hannun mai tankaɗe, wannan ne yabo na farko da na samu a wurin aiki.

Da muka kai waƙar ƙarshe sai hannunta ya tsaya cak. Ba Kyari ya ja baiti, kafin matar cikin faifan ta amsa, tsohuwar da ke kan tabarma ta riga ta. Modu ya cire hularsa ya rufe fuska. Babu wanda ya tambaya ko gudun ya yi daidai.

Ranar wasan aka buɗe da muryar Ba Kyari, Modu ya karɓa daga inda ya tsaya, Bukar ya bi. Babu wanda ya yi dariya.

Shi ya sa nake gaya wa yaran da ke aikin nan yanzu cewa inji sauti kawai yake riƙewa, kuma yakan yi ƙarya ba da niyya ba. In kun sami tsohon faifai, kafin ku taɓa maɓalli ku tambaya wa ya rage cikin waɗanda suka zauna da mai muryar. Ku aika mota tun yana da kunnen ji.