Jijiyar Goshin Baba

Shekarar da na koma gidanmu a Waca wankan jego ne aka rubuta Baba cikin masu aikin dolen hanyar Magariya. Mutum ne da tun damina hannunsa na dama ke mutuwa yana tsakar cin tuwo, harshensa ya yi nauyi, can kuma abin ya sake shi. Ƙanensa ya ce masa, "Yaya, kada ka damu, in ba su yafe maka ba ni zan tafi a madadinka." A lokacin ana karɓar hakan.

Kafin a kwashi mutane, likitan Nasara kan duba su a ƙofar gidan mai gari. Kowa ya san yadda abin yake: wanda ya yi wa kallo ɗaya, ya tafi aiki, wanda ya daɗe a kansa, ya tsira. Baba kuwa ya daɗe a kansa har aka gaji da tsayuwa. Akwai wata jijiya a gefen goshinsa da ta kumbura, ta murɗe, ta yi tauri kamar tsohuwar igiyar guga. Likitan ya danna ta, ya kira tafinta ya gani, ya zauna ya zana ta a takarda, lanƙwasa bayan lanƙwasa, yana ta murna. Tafinta ya ce wai irinta na cikin kai ma haka suke ƙuntacewa, jini na wucewa da ƙyar.

Baba ya dawo yana hamdala. Ganin ya tsira, ƙanen nasa ya ɗaure wa jakai gyaɗa, ya yi kudu, ya tsallaka ƙasar Ingilishi.

Ashe likitan nan tsinannen zanensa kawai yake so. Da safe sai ga gardi, wato dogarin Nasara, ya ce likita bai cire kowa ba. Babu mai tafiya a madadi, Baba ya ɗauki kwandonsa.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Waɗanda suka dawo da shi a kan jaki suka ce yana ɗauke da tsakuwa kwandon ya suɓuce, bakinsa ya karkace gefe guda. Gardi ya yi masa magana, ya kasa amsawa, sai kallo. Nan ya hau shi da bulala.

Da Inna ta je ta tambayi gardin laifin mijinta, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Baiwar Allah, dariya yake mini."