Kunnen Baba da Ƙarafa Biyu

Ba zan rantse cewa komai haka ya faru daki-daki ba. Shekaru sun ja, ni kuma tun asali ban cika yarda da ƙwaƙwalwata ba. Abin da na fi tabbata a kai shi ne, shekarar da na gama karatun sinadarai a jami'a, zamanin da hoton shugaban ƙasa ke rataye a kowane shago daga unguwar Zongo har ta Amoutivé, fatar bayan kunnuwan Baba ta yi gyambo.

Baba ne mai jan baƙi a tafsirin masallacin layinmu, kuma ba ya ganin rubutu sai da tabarau. Gumi da iskar teku sun mai da ƙarfen tabarau ɗin kore, duk inda ya taɓa fata sai ƙaiƙayi da ruwa. Likita a asibitin Tokoin ya ce nikel ɗin da ke cikin ƙarfen ne jikinsa ba ya so. Azumi ya ƙarato, Baba ya fara cewa zai bar wa wani karatun. In yana faɗa, ƙasa yake kallo.

Sai ga Kawu, ƙanin Inna, mai harka a tashar jiragen ruwa, da ƙarafan tabarau biyu da ya samo wurin wani ma'aikacin jirgi. An ce masa ɗaya titaniyom ne, wanda ba ya cin fata, ɗayan kuwa gamin nikel ne irin na da. Sai dai ya zuba su aljihu ɗaya, ya manta wanne ne wanne, ga su duka ruwan toka.

"To, Injiniya," in ji Kawu, "yau ranarka ce."

Na ɗora su a tafin hannu. Na ce titaniyom kusan rabin nauyin gamin nikel gare shi, na hagu kuma kamar ya fi rashin nauyi, don haka wataƙila shi ne, amma kaurinsu ba ɗaya ba, ina iya yin kuskure. Na ciro maganaɗisu daga tsohuwar rediyo, bai kama ko ɗaya ba. Na ce wannan ma ba hujja ba ce, domin nikel in aka gama shi da jan ƙarfe ba lalle ya bi maganaɗisu ba. Don kada in zalunci nikel, na ƙara da cewa wasu gaminsa sun fi titaniyom jure wuta, shi ya sa ake sa su inda injin jirgin sama ya fi zafi, kuma in ya karye maƙerin azurfa zai iya liƙe shi, titaniyom kuwa sai a hankali.

Baba ya ce, "Kai, kunnena ba injin jirgin sama ba ne. Wanne zan sa?"

"Malam," in ji Kawu, "duk zaman da ya yi a jami'a, kalmar 'wataƙila' kawai ya koyo mana."

Suna dariya na tuna abin da wani malaminmu ya taɓa nuna mana. Na ɗauko kofin gilas ɗin Inna na shayin baƙi, na jiƙa shi, na zare robar ƙarshen hannun kowane ƙarfe. Na goga na dama, ya zame bai bar komai ba. Na goga na hagu, sai ga layi ruwan toka kamar na fensir, na murza da yatsa ya ƙi fita. Haka titaniyom yake, yana barin kansa a jikin gilas. Na sake yi, don tsoron ko idona ne.

"Wannan ne, Baba," na ce. Ina jin ban sa wataƙila ba.

Kawu ya buga tafi yana cewa "Voilà!", wato yauwa da Faransanci. Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Duk kwalaben gidan nan ba su ishe ka ba, sai kofina?" Amma ba ta taɓa yar da shi ba, baƙi ma take nuna wa.

Aka mayar da gilasan Baba cikin sabon ƙarfen. Kullum da safe sai na duba bayan kunnensa, har ya fara kora ta da carbi. Gyambon ya bushe. Ranar farko ta tafsiri, bayan la'asar, na zauna can baya, na ji muryarsa ta tashi tsaf ba gargada, hannunsa bai kai kunne ko sau ɗaya ba.

Kawu har ya rasu yana cewa shi ma na hagun ya zaɓa a ransa. Yayata kuma ta dage kofin ba na baƙi ba ne. Duk wanda yake tsakar gidanmu ranar, ko ya zauna a tafsirin shekarar, in ya ga na karkace, don Allah ya aiko mini da gyara.