Addu'ar da ta riga mu zuwa gida

Kakanmu ya taso daga Kano a ƙafa shi da ƙaninsa. Ƙanin ya gaji a yammacin Sudan, ya yi aure ya zauna, namu ya ƙaraso Makka, a nan aka haife ni. Saboda haka da yaƙi ya ci garin danginmu na can, ƙofata aka ƙwanƙwasa. 'Yar baffana ce, Yaya nake ce mata, ta zo riƙe da hannun jikarta. Uwar yarinyar da sauran 'ya'yanta uku suna wani gari kusa da iyaka, tana sayar da shayi a bakin kasuwa.

Yarinyar ba ta kai sha shida ba. A gabanta aka fito da ubanta da mazan unguwarsu aka jera su a jikin katanga. Ta ga fuskar wanda ya ba da umarni, ta kuma san shi, don ya sha sayen gawayi a gidansu. Wannan daga bakin Yaya na ji. Ita yarinyar ba ta magana. Idan mai gas ya sauke tukunya da ƙarfi a ƙasan benenmu na unguwar Zahir, sai dai in same ta a bayan injin wanki, ta toshe kunnuwa.

Da aka kama mutumin aka kai shi wata kotu mai nisa da ke shari'ar laifukan yaƙi, sai wata mata daga kotun ta fara kiranmu ta waya, muna ganinta tana ganinmu. Na zaci za ta zo da tambayoyi kamar 'yan sanda. Ko kusa. Ta daɗe tana hira da yarinyar a kan abinci da makaranta kafin ta taɓo maganar. Ta ce ba dole. Ta ce idan ta yarda, a wani ɗaki a Jidda za ta zauna, ba za ta haɗa ido da shi ba. Za a dishe fuskarta, a sauya muryarta, a kira ta da lamba maimakon suna. In ta gaji ta ce ta gaji, a tsaya. Kuma ta zaɓi mutum ɗaya ya zauna a gefenta.

Yarinyar ta nuna ni da haɓa. "Inna."

Yaya ta ce, "Wannan mai bakin? Ai alƙalin za ta zaga."

Na ce, "In ya yi abin zagi. Ke da za ki fara kuka tun a mota fa?"

Ranar ce na fara jin dariyar yarinyar.

Ni sai da na haura arba'in na shiga ajin manya na koyi karatu, shi ya sa abin da aka koya min ba na wasa da shi. Matar ta ce aikina uku ne: in zauna, in miƙa ruwa, in yi shiru. Ko yarinyar ta yi kuka kar in ce ta yi haƙuri, ko ta manta kar in tuna mata. Ta kuma ja mana kunne, kar maganar ta fita daga gidan, kar a faɗa a waya, kar a faɗa wa maƙwabta. Muka ce to. Mun kuwa riƙe. Ko ɗana da ke tuƙin mota a tashar Kudai bai sani ba.

Sai azumi ya zo, 'yan Umra suka cika gari. Duk wanda ya zauna a Makka ya san gidansa ba nasa ba ne a watan nan. Matan garinsu Yaya suka gano inda take, suka zo shan ruwa, aka yi kuka, aka lissafa matattu. Bayan kwana biyu suka tafi Harami tare.

A wurinmu, wanda ya zo ɗakin Allah baƙo ne na Allah, addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa. Ba a barinsa ya tafi ba a ce ya sa ka a ciki ba. Kuma mata ba sa karɓar addu'a a dunƙule, sai sun tambaya ta mece ce, aure ne, ciwo ne, haihuwa ce, don su san abin da za su roƙa. Yaya ta gama ɗawafi zuciyarta a buɗe, ta kama hannun ƙawarta ta ƙuruciya ta ce a sa mata jikarta, bayan salla za ta tsaya gaban alƙali ta faɗi abin da aka yi wa ubanta, Allah ya ɗaure mata harshe a kan gaskiya.

Matan suka koma gida da zamzam da dabino da wannan magana. Ba mugunta suka yi ba. Ƙawar ta dafa abinci ta yi sadaka, ta ce wa duk wanda ya ci ya taya 'yar wance da addu'a.

Ana saura kwanaki mu tafi Jidda, da hantsi, ina goge wa yarinyar doguwar rigar da ta zaɓa, uwarta ta kira. Ta ce wani mutum ya zauna a rumfarta, ya sha shayi, ya biya, ya dubi yaran da ke wanke kofuna ya ce, "Mun ji 'yarki ta Makka tana da baki. Waɗannan ma naki ne?" Ya tashi ya tafi.

Na juya kan Yaya. Na ce, "Wa kika faɗa wa?"

Ta ce, "Wallahi ban faɗa wa kowa ba. Addu'a kawai na roƙa."

"Addu'ar da suna a ciki?"

"To Allah zan ɓoye wa sunan?"

"Allah ya san sunanta, Yaya! Ƙawarki ce ba ta san abin da ta ɗauka ba."

Ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Har ga Allah ba ta ɗauki abin da ta yi a matsayin magana ba. Matar kotu ta lissafa waya da maƙwabta, mu ma da muka ce to, waya da maƙwabta muka tsare. Ba wanda ya tuna da Harami.

Da muka gaya wa matar, ba ta yi faɗa ba. Ta ce za su nemi yadda za a ɗauke uwar da yaran zuwa wani wuri, amma abin ba ya yiwuwa a kwana ɗaya. Ta tambayi yarinyar abin da take so. Yarinyar ta dubi rigar a kan tebur ta ce, "Babana ya riga ya mutu. Su ba su mutu ba." Matar ta ce ta fahimta, ba wanda zai ga laifinta. Haka aka fasa zuwa Jidda.

An ɗauke uwar daga baya, lafiya lau, amma lokacin an rufe jin shaidu. Mutumin da ake wa shari'ar an yanke masa hukunci a kan abin da ya yi a wasu garuruwa. Na unguwarsu ba a samu wanda ya gani da ido ba, sai aka bar shi. A takardun kotun nan babu katangar, babu ubanta.

Yaya tana zuwa Harami har yanzu, amma ba ta sake roƙon kowa addu'a ba. In baƙi suka ce, "Hajiya, me za mu roƙa miki?" sai ta ce, "Gamawa lafiya," ta kau da kai.

Wata rana bayan babbar salla, ina tsince shinkafa a kicin, yarinyar ta shigo sanye da rigar nan. Ta jawo kujera ta ce, "Inna, kin ce za ki zauna a gefena."

Na ture tiren, na ɗebo ruwa a kofi na ajiye a gabanta. Ta fara tun daga ƙarar motoci. Ta faɗi wanda aka fara fitarwa, da yadda ubanta ya fita da takalmi ƙafa ɗaya. Ta yi kuka ban ce ta yi haƙuri ba. Ta tsaya, na miƙa ruwa, ta ci gaba. Ba ta manta komai ba, ko alƙali ne a wurin ba zai sami inda zai kama ta ba.

Da ta gama ta ce, "Na faɗa daidai?"

Na ce, "Daidai."

Ta cire rigar ta ninke, ta zo ta taya ni tsintar shinkafa.