Sirdin Baba Ya Je Fagge

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da Baffa, ƙanen mahaifina. Shi yana ɗauke da sirdi a buhu, ni ina rungume da tsumagiyar geza kamar jariri. Baba ne ya lanƙwasa ta a gadon bayan dokinsa Bidi, ya ɗaure bakinta da zare, ya ce awon bayan dokin ke nan, kada in bari ta miƙe. Tun damina sirdin ke cin Bidi, har ya yi masa miki a kafaɗa, aka daina hawansa. Mu 'ya'ya, ni ne kan gaba, muka dage a sayar da shi a sayi babur kamar kowa. Baba ya ce a kai sirdin Fagge wurin wanda ya sassaƙa shi. In bai gyaru ba, ya yarda a sayar.

Mota kam ba a magana. Kuɗinta ya tashi wai don an zuba kwalta, amma har yanzu mutum da akuya kujera ɗaya suke. Manyan motocin siminti sai wuce mu suke yi fuu, duk sun nufi Kano. Wata Inna mai ƙwaryar daddawa ta tambaye ni ko da wannan bakan zan yi farauta a birni. Haka na yi ta ɗaga tsumagiyar sama har hannuna ya sage.

A Sabon Gari muka sauka, muka karya da shayi da burodi. Kasuwar ta cika ta batse. Rediyo na ihu a kowace rumfa, ga fankoki, ga babura sababbi fil an jera su suna ƙyalli. Wallahi na daɗe a tsaye gaban wani ja. Wani mai katifa ya ce mu yanki soso mu cusa ƙarƙashin sirdin, magana ta ƙare. Baffa ya ja hannuna.

Daga mahaɗar Bata muka taka zuwa Fagge, nan fa jikina ya yi sanyi. Ina yaro Baba kan ɗora ni a bayansa a kan doki mu kawo fatu, mu sauka a zangon da raƙuma ke durƙushe, Buzaye na dafa shayi a gefe. Yanzu wurin duk shaguna ne da gareji. Ko warin raƙumi babu, sai na man mota. Na yi kewar wancan zamani ƙwarai.

Mun sami tsohon masassaƙin a zaurensa. Yana ganin sirdin ya shafa shi ya yi dariya.

"Wannan aikina ne. Malam yana nan da ransa?"

Ya kifa sirdin ya sa tsumagiyar a ciki, sai ga rata a tsakiya. Ya ce itacen lafiya lau yake, dokin ne ya tsufa, bayansa ya lotsa, nauyi ya koma kan kafaɗa. Ya farke zubka, wato matashin da ke ƙarƙashin sirdi, ya zazzage audugar rimin da ta daskare, ya cusa sabuwa, yana yi yana gwadawa da tsumagiyar. Da ya gama sai ya ɗora sirdin a kan wani gungume.

"Saura mahayi. Bismilla, hau."

Na ce ai na Baba ne, kuma Baba ya rame, bai kai ni jiki ba. Baffa ya kau da kai.

"Hau dai. Yaya ya ce a kanka za a gwada."

Sai a lokacin na tuna an daɗe rabon Baba da ya sa ƙafa a likkafa ba a tallafe shi ba. Na hau. Tsohon ya sa na miƙe, na zauna, yana sassauta igiyar likkafa har ta yi daidai da tsawon ƙafata. Idona ya cika da ƙwalla.

Washegari da la'asar muka isa gida. Mikin Bidi dama ya warke tun da aka daina hawansa. Na ɗora masa sirdin, Baba na zaune a tabarma yana ba da umarni.

"Zura hannunka ƙarƙashi. Ya shige? To ja majayi, kada ka matse masa ciki."

Na hau na zaga filin ƙofar gida, Bidi ko noƙewa bai yi ba. Na tafi Kano ina zaton itace da fata na kai gyara, ashe Baba dokinsa yake nema wa mahayi tun yana da sauran numfashi.

Da na sauko ya ce, "Gobe ka kai shi rafi da wuri, ba ya son ruwan rijiya."

Maganar babur dai har yau ba wanda ya sake tayar da ita.